Koren Zare a Bakin Kati

Kwanakin baya jikata Zainab ta tsaya a gaban katin aurenmu da ke rataye a falo, ta karanta layin farko da ƙarfi, sannan ta juya ta ce wa ƙanenta, wannan Alhaji Salen shi ne baban Hajiya, tana nufin kakarta. Ba wanda ya gyara mata. Ban ga laifinta ba, domin ku iyayensu ma kusan abin da kuka sani ke nan. Kun san akwai wani tela Bayarabe da mahaifiyarku ta zauna a gidansa tana ƙarama, kuna kiran sunansa kamar na wani maƙwabci mai kirki, shi ke nan. Ya rasu babbanku yana rarrafe, matarsa ta koma Ogbomosho wurin danginta, mu kuma aiki ya yi ta yawo da mu. Saboda haka wannan babi na katin nan ne, da yadda aka yi sunan da ya kamata ku fara sani ba ya cikinsa.

Na dawo Jos da niyyar zama a shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Kafin nan na daɗe ina yi wa wani ɗan kasuwa mai safarar goro da fata aikin akawu, sai da ƙafata ta taka Kumasi da Abijan da Injamena da Omdurman. Na dawo da Turanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, da Yarabancin da na tsinta tun ina yaro a layinmu, da kuma ɗabi'ar da har yau mahaifiyarku ke yi mini tsiya a kanta, wato ba na ganin abu ban ce ai a wuri kaza ba haka suke yi ba. Gayyatar biki na cikin abubuwan da na sa wa ido. A Omdurman rumfar da aka kafa a tsakiyar titi ita ce gayyatar, duk wanda ya gani ya shigo. A Abijan kati ne mai furanni, sunayen dangi jere har ƙasa kamar ba za su ƙare ba. A wurinmu kuwa goro ne da alewa. Mace ta yafa mayafi ta shiga gida gida, ta durƙusa ta gaisa, ta ce 'yarmu za a aurar ranar kaza. A lokacin ban lura da hikimar da ke cikin wannan ba. Goro ba ya ɗauke da sunan kowa. Wadda ta kai shi ta ce 'yarmu, wanda ya karɓa ma ya ce 'yarmu, babu mai tambayar 'yar wa. Kati ne ya zo ya ce sai an zaɓi mutum ɗaya an rubuta a sama.

Mahaifiyarku, Hajara, 'yar Malam Audu ce, Bakano da haƙar kuza ta kawo shi Jos. Suna haya a gida ɗaya da telan nan, Baba Lasisi, a unguwar Congo-Russia, ɗaki na kallon ɗaki, shagon ɗinkin Baba yana bakin ƙofa. Ciwon ƙirji ya ɗauke Malam Audu tana 'yar ƙarama, ba a daɗe ba mahaifiyarta ta bi shi. Kafin saƙo ya isa Kano ya dawo, Iya Mulika, matar Baba, ta riga ta kwashe 'yan kayan yarinyar ta kai ɗakinta. Ƙanen Malam Audu, Baffa Sale, ya zo ta'aziyya, ya ga yarinya ta manne wa zanen Iya, shi kuma lokacin bai yi aure ba, sai ya ce a bar ta tukuna. Tukunan nan ita ce ta zama rayuwarta gaba ɗaya. Kada ku ɗauki Baffa mugu, ba mugu ba ne. Yakan aiko da atamfar Salla in ya samu hali, yakan leƙo in kasuwa ta biyo da shi. Amma wanda ya kai ta makarantar allo da ta boko, wanda ya goya ta zuwa asibiti da ƙyanda ta kama ta, wanda ya tsare ni a benci ya yi mini tambayoyi har gumi ya karyo mini a sanyin Jos ranar da na fara zuwa zance, Baba Lasisi ne.

Da aka sa rana, ni na dage sai an yi kati. Na zaga maɗaba'un gari, ko'ina injuna na ta aman hotunan 'yan takara, kowa ya ce in dawo bayan zaɓe, mu kuwa bikinmu kafin nan ne. Sai na ce to, mu yi abinmu a gida. Abokina Bitrus, wanda ke aikin akawu a Vom, ya ara mini tafiretarsa, ya kawo ta a bayan babur a naɗe cikin bargo kamar jariri. Na sayo farin kwali marar kauri, da reza da rula. Baba ya share mini rabin teburin yankansa. Damina ce, kullum da la'asar sai ruwa ya sauko, wani lokaci har da ƙanƙara tana dukan kwano, mu kuma muna ciki muna yanka kwali.

Mahaifiyata, Inna, tun farko ba ta so abin ba. Ita ta girma a barikin ma'adinai, inda takarda ba ta zuwa gida sai da sammaci ko sallama daga aiki.

"Yanzu kai wannan guntun kwalin za ka aika wa Malam Liman?" in ji ta.

"Inna, haka ake yi ko'ina yanzu. A Abijan ma..."

"Abijan ɗin nan dai ba za mu huta ba. To ka ji, takarda ba ta durƙusa wa mutum. Duk katin da zai fita, da goronsa zai fita, kuma da ƙafa za a kai shi."

A kan haka muka shirya. Na zaci an gama rigima, ashe ba a fara ba.

Ranar da na zura kwalin farko a tafireta, dukkanmu muna shagon. Baba yana kan kekensa, Iya Mulika tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, Hajara tana tsaye daga cikin gida a bayan labule, domin ba ta zama inda nake in Baba na nan. Sunan Malam Audu ba matsala, yana biye da nata a tsakiyar katin. Layin sama ne abin magana, wurin da ake sa mai gayyata, rayayyen mutum wanda baƙi za su zo su yi wa barka. Ni ban ko yi tunani ba, na fara buga harafin farko na sunan Baba. Ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Ɗan Abijan, me kake rubutawa?"

"Iyalan Alhaji Lasisi, Baba."

"Cire. Sa Alhaji Sale."

Iya ta ajiye farantin shinkafa. In ranta ya ɓaci takan bar Hausa ta koma Yarabanci, ranar kuwa ta manta ina ji. Ta tambaye shi ko Sale ne ya san yawan zanen da yarinyar nan ta jiƙa mata da fitsari, ko Sale ne ya sayar da agogonsa lokacin jarrabawa. Ta ce ita ba ta haihu ba, Allah ya ba ta ɗaya ta taga, yanzu kuma za a buga a takarda a raba wa duk Jos cewa ba tata ba ce. Baba ya bar ta ta gama. Ni kuma na ga dama ta samu, na kawo tawa dabarar.

"Baba, ai ana sa suna biyu. Na ga katin da aka sa gida huɗu ma."

"A can. A nan in ka sa biyu, kowa zai tsaya ya tambaya me ya sa biyu. Sale zai karanta ya ga an rubuta masa cewa ya yar da marainiya. Zai zo ya ɗaura aure don dole, ya koma, ƙofar Kano ta rufe."

"To ta rufe mana!" in ji Iya, da Hausa wannan karon. "Wa ya taɓa shiga?"

"Ita za ta shiga, ko 'ya'yanta." Ya juyo gare ni. "Danginka na Zariya za su zo ko? Za su duba katin nan su ce yarinyar 'yar wane gida ce. Ina so su ga tana da baffa, tana da gari, tana da inda aka san kakanta. Ni ina nan, ba inda zan je. Ko an rubuta ni ko ba a rubuta ba, gobe da safe a nan za ta same ni. Sale kuwa sai an riƙe shi."

Labule ya motsa. Hajara ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba a gabana, ta durƙusa a gefen keken.

"Baba, ni ban san wani uba ba."

"Na sani, omo mi," ya ce, wato 'yata. "Shi ya sa za ki ji maganata. Tashi ki duba tukunya."

Na buga sunan Alhaji Sale. Ban taɓa jin ƙarar tafireta ta yi nauyi kamar ranar ba.

Gidan ya yi tsit na 'yan kwanaki. Iya tana ajiye wa Baba abinci ba tare da ta ce ga shi ba. Hajara ta daina leƙowa ta labule. Tana zaune kusa da ni yanzu ina wannan rubutu, ta ce in rubuta cewa ba ta yi kuka ba. Na rubuta abin da ta ce, amma ta yi. Ni dai ina zuwa bayan la'asar in buga katunan ɗaya bayan ɗaya, in jera su a kan teburi. Gaskiya ba su yi kyau ba. Farin kwali ne da baƙin rubutu, kamar takardar asibiti. Bitrus da ya zo duba tafiretarsa ya ɗaga ɗaya ya ce, "Oga, wannan aure za a zo ko allura?" Na yi tunanin zana fure a gefe, na gwada, ya fito kamar kabeji.

Ana cikin haka wata yamma Hajara ta shigo shagon riƙe da wani abu a cikin mayafinta. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ajiye shi a kan keken Baba. Ƙwaryar koren zare ce, ragowar wanda ya yi mata aikin wuyan rigar saukar karatunta da shi. Ashe ta adana.

"In ba za a rubuta ka ba, Baba, to ka ɗinka."

"In ɗinka me?"

"Katin. Kowane ɗaya."

"Ke, wa ya taɓa ɗinka takarda? Allura za ta dakushe."

"Sai ta dakushe. In ba haka ba, ni babu katin da zai fita da sunana."

Ya dube ta, ya dubi Iya da ta zo ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu, ya dube ni ko zan cece shi. Na sunkuyar da kai ina gyara rula. Sai ya yi tsaki, ya ce yaran zamani ba su da kunya, ya zare farin zaren da ke kan keke ya sa koren.

Ya kamata ku san wani abu game da ɗinkin Baba. Yana da wani aiki da yake yi a wuyan riga da bakin aljihu, layi mai lanƙwasa kamar tafiyar ruwa, in ya zo kusurwa sai ya juya yadin ya fitar da wani ɗan ganye. Na ga aikin teloli a garuruwa da yawa, na ga waɗanda suka fi shi ƙawa, amma ban ga mai wannan ganyen ba. A masallacin Juma'a kana iya duba wuyan mutane ka san wanda ya je wurin Lasisi. Katin farko ya yage. Na biyu allura ta yi masa ramuka kusa da kusa har gefen ya cire kamar kan sarki. Sai ya buɗe tazarar ɗinkin, ya rage gudun ƙafarsa, na uku ya fito. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Ba laifi," ya ce. "Miƙo na gaba."

Daga ranar shagon ya koma wani abu dabam. Tafireta na ƙara a wannan gefe, keke na amsawa a wancan. Iya ta sauko daga fushinta ba tare da ta sanar da kowa ba, ta zauna tana yanke bakin zare da almakashi tana yi wa Baba gorin cewa tsufa ya sa layinsa ya fara karkata. Inna ta zo da ƙwaryar goro a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara, tana ƙulla bibbiyu da alewa a 'yan ƙyallayen da Baba ya tara. Abin ya ci masa allurai, ya kuma ci masa aikin mutane, har wani direba ya zo ya karɓe yadinsa ba a taɓa ba yana ta faɗa. Zaren Hajara bai kai ko'ina ba ya ƙare, aka sayo wani koren, amma ba su zama launi ɗaya ba. Namu na falo daga na farkon ne.

Da aka fara rabo, sai na ga abin da Hajara ta hango ni ban hango ba. Yawancin tsofaffin da aka kai wa ba sa karanta boko. Sukan karɓi goro, su juya katin, babban yatsa ya bi gefensa, sai ka ji an ce, a'a, 'yar Lasisi ce za ta yi aure? Allah ya sa alheri. Matar wani babban ma'aikaci a Rayfield, wadda Baba ke yi wa mijinta ɗinki, ta tambayi mai kai katin ko daga Ingila aka yo odarsa, sai mijin ya karɓa ya duba ya yi dariya, ya nuna mata wuyan rigar da ke jikinsa.

Baffa Sale ya iso ana jibi ɗaurin aure, da matarsa da wasu 'yan uwa mata. Baba ya ba shi ɗakinsa, shi ya koma kwana a shago. Baffa ya ji daɗin katin ƙwarai, yana ta nuna wa mutanensa sunansa. Cikin kyakkyawar niyya ya ce mini, "Ka tabbata an ba Malam Lasisi nasa katin, ya yi ɗawainiya." Na ce to. Ban kai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai yau, domin ba a gayyatar mutum bikin gidansa. Ranar ɗaurin aure Baffa ne ya yi walicci, kamar yadda shari'a ta ba shi. Baba yana can baya, shi ne mai miƙa tiren goro.

Da yamma aka zo ɗaukar amarya. Kun san al'ada, kafin a fita da ita sai an kai ta gaban mahaifinta ta durƙusa, ya yi mata nasiha ya sa mata albarka. Ni ango ba na wurin, amma Inna tana nan, kuma ta ba ni labarin sau da yawa har na haddace. Matan Kano suka riƙo ta a lulluɓe suka nufi ɗakin da Baffa yake. Hanyar kuwa ta gaban ƙofar shago ta bi. Baba yana ciki shi kaɗai, wai yana shafa wa keke mai, ranar da babu ɗinki. Da suka zo daidai nan Hajara ta tsaya. Aka ja ta, ta ƙi motsi. Ta zame hannunta, ta shiga, ta durƙusa a inda ta durƙusa ranar kati.

"Ke, ba nan ba ne," in ji matar Baffa. "Baffanki na ciki yana jira."

Hayaniya ta fito da Baffa. Ya tsaya a ƙofar shagon. Inna ta ce ya dubi yarinyar a ƙasa, ya dubi Baba da ya miƙe tsaye da gwangwanin mai a hannu ya rasa inda zai ajiye shi, ya dubi guntayen koren zare da ke zube a ƙarƙashin keke. Katin yana aljihun gaban rigar Baffa, gefensa ya leƙo. Ya zaro shi, ya shafa bakin da yatsa, ya mayar.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Nan ne. Alhaji, zauna ka sallami 'yarka. In ka gama, in akwai saura, ni ma in sa baki."

Ya ja bencin da nake zama in yi bugu, ya zauna daga gefe. Baba ya fara da Hausa, bai yi nisa ba sai ya koma Yarabanci. Mutanen Kano ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma duk inda ya tsaya sai su ce amin. Inna takan ƙare labarin da cewa, ai na faɗa maka, kwalinka ya faɗi nasa, gwiwar yarinya ta faɗi nata.

Lissafin Baba bai faɗi ƙasa ba. Ƙofar Kano ta zauna a buɗe. A gidan Baffa Sale biyu daga cikinku suka zauna lokacin karatu, kuma shi ya karɓi auren babbanku. Amma abin da aka biya shi ne wannan da na gani a falo, jikata ta karanta kati ta tsallake mutumin da ya yi komai. Akwai kuma abin da ya ƙara ɓoye shi. Da muka kai katin a sa masa gilashi, mai firam ya ga girmansa bai dace da katakon da yake da shi ba, sai ya bar bakin katako ya hau kan gefen katin ta kowane ɓangare. Rubutun ya fito, ɗinkin ya shige ƙarƙashi. Mu da muka san yana nan ba mu damu ba, muka manta cewa ku ba ku taɓa ganinsa ba.

Bayan maganar Zainab na sauko da shi, na ɓalle ƙusoshin baya. Rubutun tafireta ya koɗe, sunan Baffa ma sai an matso ake karanta shi. Zaren kuwa, da yake katako ya kare shi daga rana, yana nan kore shar, da ɗan ganyensa a kowace kusurwa. Mahaifiyarku ta karɓa ta bi shi da yatsa har ta zagayo inda ta fara, ta ce kada a mayar da shi cikin firam. Yana cikin akwatinta. Duk wanda ya zo gida a cikinku ya ce ta nuna masa, ku zo da yaran, a ba su su taɓa da hannunsu. In suka tambaya wa ya ɗinka, ku ce kakanku ne, Lasisi.